Gatse a kan launin fata: me ya sa yake komawa faɗa idan ya shiga intanet?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda: rigimar da ke tashi idan wani ya yi gatse don ya tozarta masu wariyar launin fata, sai jama'a su ɗauka shi ne mai wariyar. Mun zaɓi bakwai, mun gajarta wasu. Idan muka ce gatse a nan, muna nufin mutum ya ari bakin wanda yake suka, ya faɗi irin maganarsa, ya ƙara mata gishiri har muninta ya fito fili. Ya bambanta da habaici, inda ake sakaya suna, ya kuma bambanta da zagi kai tsaye.

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karanta aikin jarida. Malaminmu ya ambaci rigimar #CancelColbert a matsayin misalin gatsen da aka yi wa gurguwar fahimta, amma bai tsaya ya yi bayani ba. Me ya faru, kuma wa ke da gaskiya?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin ya faru a Amurka a ƙarshen watan Maris na 2014. A lokacin Stephen Colbert yana da shiri a tashar Comedy Central inda yake fitowa a rigar wani ɗan ra'ayin riƙau mai taurin kai, duk abin da ya faɗa da bakin wannan mutumin yake faɗa. A makon ne Dan Snyder, mai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta birnin Washington a lokacin, ya sanar da kafa gidauniyar taimakon 'yan asalin ƙasar, wato al'ummomin da Turawa suka tarar a can. Sunan ƙungiyar a lokacin Redskins, kalmar da da yawa daga cikin waɗannan al'ummomi suke ɗauka zagi ce. Sun shekara da shekaru suna neman a sauya, ya ƙi, sannan ya ɗauki sunan ya liƙa a jikin gidauniyar. Sai Colbert ya ce to shi ma zai kafa tasa don nuna kulawa ga 'yan asalin Asiya, ya raɗa mata suna da irin sautin da ake yi idan ana tsokanar masu jin Sinanci. Wanda ya kalli shirin tun daga farko ya san inda aka dosa: ba a miƙa wa mutum kyauta a kwanon da aka rubuta zaginsa.

Washegari shafin shirin na Twitter, wanda tashar ke gudanarwa ba Colbert ba, ya wallafa jimlar gidauniyar ita kaɗai. Babu sunan Snyder, babu bidiyo, babu ko kalma ɗaya a kan ƙungiyar. A lokacin saƙon Twitter ba ya wuce haruffa 140. Wata 'yar gwagwarmaya mai suna Suey Park ta buɗe maudu'in #CancelColbert na neman a dakatar da shirin, ya bazu cikin sa'o'i. Aka goge saƙon, bayan 'yan kwanaki aka rufe shafin gaba ɗaya.

Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani a duk rigima irin ta. Kowane gatse na wannan fanni yana da mutum uku a cikinsa. Akwai wanda ake harbi, a nan Snyder. Akwai wanda aka ari bakinsa, a nan ɗan ra'ayin riƙaun da Colbert ke kwaikwayo. Akwai kuma na uku da aka fi mantawa da shi, wanda aka mayar sandar duka, a nan 'yan asalin Asiya. Saƙon Twitter ya cire na farko, ya ɓoye na biyu, ya bar na uku shi kaɗai a fili.

Game da wanda ke da gaskiya, kada ki tara masu fushin a kwando ɗaya. Waɗanda saƙon kawai suka gani sun yi kuskuren fahimta, amma ba laifinsu ba ne, abin da aka ajiye musu ke nan. Wasu kuma sun kalli shirin, sun gane gatsen sarai, ƙorafinsu shi ne me ya sa kullum su ake mayarwa sanda. Wannan ba gurguwar fahimta ba ce, saɓanin ra'ayi ne, kuma ya cancanci a amsa shi da hujja. A ganinmu laifi mafi girma na wanda ya yanko jimlar ne. Abin takaici, mutumin da aka nufa da harbin ya tsira ba tare da ya motsa ba: 'yan gwagwarmaya daga al'ummomin asalin ƙasar sun koka cewa hankalin jama'a ya bar kan sunan ƙungiyar ya koma kan Colbert. Sai a Yulin 2020 ƙungiyar ta ajiye sunan, bayan kamfanonin da ke ɗaukar nauyinta sun matsa, a 2022 ta koma Commanders.

Malamai, ni gani nake mutane ne ba sa karatu da natsuwa. Gatse ai ko yaro yana gane shi. Ko akwai wani dalili bayan gaggawa da son faɗa?

Ɗan'uwa, gaggawa tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Yaron da ka ce yana gane gatse, a murya yake gane shi, da kallon fuska, da sanin halin mai maganar. Rubutu ba ya ɗauke da ko ɗaya daga ciki. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun gwada wannan. Aka ba mutane jimloli, wasu na gaske wasu na gatse, wasu mutanen su aika ta imel, wasu su faɗa da murya. Masu aikawa sun zaci za a gane su kusan kashi 78 cikin 100. Ta murya an gane kusan kashi 73. Ta imel kashi 56, wato da kaɗan ya fi canki-canka. Masu rubutun ba su ma san an kasa gane su ba, domin su suna jin muryar a kansu sa'ad da suke bugawa.

Maganar launin fata tana da tata ƙarin matsalar. Gatse yana rayuwa ne a tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da mutum zai iya faɗa da gaske. Idan tazarar tana da faɗi, mai karatu zai ce ai wannan ba zai yiwu ba, wasa ne. A wannan fanni tazarar ta kusa ƙarewa, domin duk gishirin da ka ƙara, akwai wani a intanet da ya riga ya faɗi haka da zuciya ɗaya. Abin da ake kira ƙa'idar Poe ke nan, wadda ta samo suna daga wata muhawarar intanet ta 2005: in babu alama bayyananniya, ba a iya bambanta kwaikwayon mai tsattsauran ra'ayi da shi kansa.

Sai kuma rashin sanin mai magana. A Disambar 2013 wata ma'aikaciyar hulɗa da jama'a daga New York, mai mabiya kusan 170 a Twitter, ta rubuta kafin ta hau jirgi daga Landan zuwa Cape Town cewa za ta Afirka, tana fatan ba za ta kamu da ƙanjamau ba, sannan ta ce wasa take yi, ai ita farar fata ce. Kafin jirgin ya sauka bayan sa'o'i 11, duniya ta san sunanta, ta kuma rasa aikinta. Daga baya ta ce nufinta ta yi wa Amurkawan da ba su san halin da duniya ke ciki ba ba'a. Ko da an yarda da ita, babu abin da zai nuna wa baƙo haka. Ba ta da tarihin gatse, babu wanda ake harbi a cikin saƙon, sandar dukan kuwa marasa lafiya ne. An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma a intanet mai zagin kaɗai ya sani, kasuwar kuma ba ta da iyaka.

Na ƙarshe, mutum yana ganin abin da ya zo da shi. Wani bincike na Jami'ar Jihar Ohio a 2009 ya gano masu ra'ayin riƙau sun fi yarda cewa Colbert da gaske yake, wasan rufa-rufa ce kawai. Ƙwararru ma suna faɗawa. A Satumbar 2012 kamfanin dillancin labarai na Fars a Iran ya ɗauki wani labari na The Onion, shafin barkwanci na Amurka, wai fararen fatar karkarar Amurka sun fi son Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, a kan Obama, ya buga shi a matsayin labarin gaske, daga baya ya nemi afuwa. Labarin ya yi daidai da abin da suke so ya zama gaskiya, shi ya sa babu wanda ya tsaya bincike.

Sau da yawa akan turo min hoton wani saƙo mai muni a ce ga abin da wane ya rubuta. Ta yaya zan tabbatar kafin in yaɗa ko in yi martani?

Malam, ka ware minti 15, yawanci sun isa. Fara da neman asalin saƙon, kada ka tsaya a hoton da aka turo maka. Hoton allo ana iya yanke shi, ana iya ƙirƙirarsa baki ɗaya cikin 'yan mintuna. Ka kwafi jimla ɗaya daga ciki, ka sa ta tsakanin alamun zance a injin bincike, domin ya nemo maka ita daidai yadda take. Idan zane ne ko hoto, ka sa shi a Google Lens ko TinEye, ka nemi kwafi mafi tsufa kuma mafi girma. A gefe da ƙasa ake yawan yin yanka, can ne take da sa hannu da kwanan wata suke zama. Idan an goge saƙon, ka gwada Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet.

Da ka samu asalin, ka duba sunan shafin harafi da harafi, domin masu kwaikwayo suna sauya harafi ɗaya ko su ƙara lamba. Kada shuɗiyar alama ta ruɗe ka: tun Nuwambar 2022 ana iya sayenta a Twitter, wanda yanzu ake kira X. Ka karanta bayanin da shafin ya yi a kan kansa, sannan ka bi saƙonni 15 ko 20 da suka gabata. Mai gatse yana da salo da ake gane shi, mai wariya na gaske ma haka. Idan bidiyo ne, ka nemi cikakkensa, ka kalli aƙalla minti biyu kafin wurin da aka yanko da minti biyu bayansa. Yawancin masu barkwanci a farko suke ajiye wanda suke harbi, jimlar da ke tayar da hankali kuma a ƙarshe take zuwa.

Ka duba kwanan wata, ka tambayi kanka me ake ciki a makon da aka wallafa shi. Gatse martani ne ga wani abu, idan abin ya shuɗe, martanin ya koma kamar magana ce da ta faɗo daga sama. Idan fassara aka kawo maka, ka nemi wanda ya ji harshen ya karanta asalin, domin fassarar na'ura tana kwashe ma'anar kalmomi ta bar muryar a baya.

Bayan duk wannan sai tambaya mafi muhimmanci: wa ya kamata ya ji kunya idan ya karanta wannan? Idan za ka iya kiran sunansa, ɗan siyasa ne, ko wata hukuma, ko wata ɗabi'a ta masu iko, to gatse ne, ko da bai yi maka daɗi ba. Idan ka ga abin cikakke amma ka rasa wanda zai ji kunya sai mutanen da aka siffanta, to sunan gatse ba zai wanke shi ba. Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su sake yaɗa saƙon suna tir da shi kafin su bincika. Dandali ba ya bambanta yabo da tir, ƙidaya kawai yake yi, sai ya ƙara tura shi gaba.

Ni ban yarda da ku ba. A ganina wannan kalma ta gatse mafaka ce kawai. Mutum ya zage mu son ransa, idan aka taso masa ya ce ba ku gane ba ne. Ku daina kare su.

Malama, ba za mu ce ki yi haƙuri mu wuce ba, domin abin da kika faɗa yana faruwa, har da gangan ake tsara shi. A Disambar 2017 jaridar HuffPost ta fallasa kundin ƙa'idojin rubutu na shafin Daily Stormer na 'yan aƙidar Nazi. Cikin umarnin da ake ba marubutansa akwai cewa a rubuta yadda baƙo ba zai iya gane wasa ake yi ko da gaske ba. Fakewa da guzuma a harbi karsana ke nan.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi: gatse na gaskiya, mai kyakkyawar niyya, yana iya ƙarfafa wanda aka nufa a kunyata. A 1971 tashar CBS ta fara wani wasan kwaikwayo, All in the Family, mai wani magidanci Archie Bunker da ke zubar da kalaman wariya, manufar a yi masa dariya. A 1974 Neil Vidmar da Milton Rokeach suka binciki masu kallo a Amurka da Kanada, suka tarar waɗanda dama suke da wariya a zuciya sun fi sha'awar Archie, suna ganin gaskiya yake faɗa. Daga baya Thomas Ford da abokan aikinsa sun nuna cewa barkwancin ƙasƙanci yana sa mai wariya ya ji an sassauta masa, ya ɗauka wurin ya halasta abin da yake ɓoyewa.

Masu sana'ar da kansu sun shaida haka. Dave Chappelle, baƙar fata mai barkwanci a Amurka, ya bar shirinsa a 2005, ya juya wa kwantiragin dala miliyan 50 baya. Cikin dalilan da ya bayar akwai irin dariyar da wani farar fata a wurin ɗaukar shirin ya yi, wadda ta sa ya fara tunanin ko yana rushe mummunan zato ne ko yana ƙara masa ƙarfi. Chris Rock ma ya ce ya daina yin wani shahararren barkwancinsa na 1996 saboda wasu masu wariya sun ɗauke shi lasisin furta kalmar zagin baƙar fata. A Fabrairun 2013 kuma, daren bikin Oscar, The Onion ta jefi wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 9 da ke takarar kyauta da mummunar kalma. Masu kare saƙon sun ce jaridun gulma ake harbi. Shugaban kamfanin bai fake da haka ba, ya fito ya nemi gafara, kuma daidai ya yi, domin ba a mayar da yarinya sandar duka.

Inda muka rabu da ke shi ne a kan jefar da kayan aikin gaba ɗaya. Waɗanda ake dannewa sun daɗe suna amfani da shi. Binyavanga Wainaina na Kenya ya buga maƙalarsa ta yadda ake rubutu a kan Afirka a mujallar Granta a 2005, ya ari bakin marubutan Yamma ya jera musu halayensu. A 2012 wata ƙungiyar ɗalibai da malaman jami'a ta Norway ta fitar da bidiyon Radi-Aid, inda 'yan Afirka ke tara na'urorin ɗumama ɗaki don ceto mutanen Norway daga sanyi. Waɗannan ba su jawo irin waccan rigima ba, domin wanda ake harbi yana tsaye a kowace jimla da kowane hoto.

Don ki bambanta mai gatse da mai fakewa, ki lura da abu uku. Idan aka tambaye shi wa yake nufi, yana da amsa nan take ko sai kame-kame? A sauran rubuce-rubucensa, sanda ɗaya yake ɗauka kullum? Sannan su wa ke tafa masa, kuma idan masu wariya ne suka cika wurin suna murna, yana korarsu ko shiru yake yi?

Trevor Noah ya ce Afirka ce ta ci Kofin Duniya na 2018, Faransawa suka fusata. Shin rashin gane wasa ne?

A'a, ɗan'uwa, sun gane. Faransa ta doke Kuroshiya da ci 4 da 2 a Moscow ranar 15 ga Yuli, da 'yan wasa da yawa masu tushe a Afirka. Noah, ɗan Afirka ta Kudu da ke gabatar da shiri a Amurka a lokacin, ya yi maganar ne da sigar alfahari. Jakadan Faransa a Amurka na lokacin, Gérard Araud, ya rubuta masa cewa kiran su 'yan Afirka musanta zamansu Faransawa ne, ya kuma tuna masa cewa in ban da biyu, duk 'yan wasan 23 a Faransa aka haife su. Noah ya amsa cewa me zai hana su zama duka biyun.

Jimla ɗaya ce ta faɗa cikin tarihi biyu. A Amurka mutum ya haɗa asalinsa da ƙasarsa a suna ɗaya abin tinƙaho ne. A Faransa hukuma ba ta ma tambayar launin fata a ƙidayar jama'a, kuma masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi sun daɗe suna cewa wannan ƙungiya ba ta Faransawa ba ce. Abin da Noah ya faɗa da ƙauna, kunnen Bafaranshe ya saba jinsa daga bakin maƙiyi. Irin wannan rigima ba a warware ta da cewa wasa ne, sai kowane ɓangare ya san abin da jimlar take ɗauke da shi a wajen ɗayan.

Ni edita ne a wata ƙaramar mujallar intanet. Muna son mu riƙa buga zane da rubutun gatse a kan wariya. Me za mu yi don kada allura ta tono garma?

Ranka ya daɗe, ka fara da darasin mujallar New Yorker. Bangonta na 21 ga Yulin 2008, zanen Barry Blitt, ya nuna Barack Obama da rawani, matarsa Michelle da bindiga a kafaɗa, hoton Usama bin Laden a bango, tutar Amurka tana ci da wuta a murhu. Manufar a tara duk jita-jitar da ake yaɗawa a kansu wuri guda don a nuna wautarta. Amma taken zanen, wanda ke nuna siyasar tsoratarwa ake nufi, yana shafin ciki, masu yaɗa jita-jitar kuma ba su fito a zanen ba. Ofishin yaƙin neman zaɓen Obama ya yi tir, na abokin takararsa John McCain ma haka. Da an zana hoton yana fitowa daga kan wani mai yaɗa ƙarya, ko a allon talabijin ɗinsa, da rigimar ta ragu ƙwarai.

Saboda haka ka sa wanda ake harbi a cikin zanen kansa, a tsakiya, inda almakashi ba zai raba su ba. Sunan mujalla da kalmar da ke nuna gatse ne su ma su hau kan hoton, kada su tsaya a rubutun ƙasa. Kafin bugawa ka yi gwajin yanka: ka rufe take, ka rufe kashi ɗaya cikin biyar na kowane gefe, ka ga abin da ya rage. A rubutu kuma ka ware jimla mafi zafi ka karanta ta ita kaɗai, domin ita za a yanko. Idan ita kaɗai ba ta da bambanci da maganar mai wariya, ka saƙa sunan wanda ake harbi a cikinta.

Ka ba mutum uku zuwa biyar da ba su halarci taron tsara aikin ba, kada ka yi musu bayani, ka tambaye su wa ake nufi. Idan biyu suka kauce, aikin bai nuna ba. Cikinsu lallai a samu wanda ya fito daga al'ummar da aka siffanta, kuma a ba shi damar cewa a'a ba tare da ya ji tsoron aikinsa ba. Mai zanenka ya guji siffofin da tarihi ya riga ya ɓata, kamar kumbura leɓe, ko kamanta mutum da biri. Zanen 'yar wasan tennis Serena Williams da Mark Knight ya yi a jaridar Herald Sun a Satumbar 2018 misali ne: ya ce fushinta a filin wasa yake suka, hukumar kula da jaridu ta Ostareliya ta ce bai karya ƙa'ida ba, amma mutane da yawa a duniya tsofaffin zanen cin mutuncin baƙar fata suka gani a fuskar, maganar fushin ta ɓace.

Mai kula da shafukanku na sada zumunta kada ya tsakuro jimla daga rubutun gatse sai da izinin marubuci, kuma kullum ya haɗa da mahaɗin cikakken aikin. Idan duk da haka wuta ta tashi, ku fito cikin sa'o'in farko ku faɗi wanda kuka nufa a jimla biyu, ku maƙala cikakken aikin. Kada ku goge a ɓoye, kada ku ce wa jama'a ba su da basira. Idan kun duba kun ga sandar ce ta ji ciwo fiye da wanda aka nufa, ku ce kun yi kuskure, ku faɗi wane ne kuskuren. Neman afuwar da ke cewa idan wani ya ji haushi a yi haƙuri, ƙara hura wutar yake yi.

Ina yawan ganin ana cire saƙonnin masu yi wa wariya ba'a, na masu wariyar kuma suna nan. Me ke jawo haka, kuma me mutum zai yi?

'Yar'uwa, matakin farko na tacewa na'ura ce ke yi, ita kuma kalmomi da siffofi take kamawa. Mai gatse yana furta kalmar a fili don ya tona ta, mai wariya da ya ƙware yana sakaya tasa, sai na'urar ta kama na farko ta bar na biyu. Wani bincike na Jami'ar Washington a 2019 ya nuna irin waɗannan manhajoji suna iya yi wa saƙon da aka rubuta da karin Ingilishin baƙaƙen Amurka tambarin cin zarafi har ninki biyu na sauran. Ma'aikatan da ke dubawa bayan na'ura kuma lokaci kaɗan suke da shi a kan kowane saƙo, sau da yawa ba sa ganin abin da ya gabace shi.

Kamfanonin sun san da matsalar. A Mayun 2021 Hukumar Sa Ido ta Facebook ta soke cire wani hoton barkwanci da ke sukar yadda gwamnatin Turkiyya ke musanta kisan ƙare dangin Armeniyawa, ta ce hoton tona wannan matsayi yake yi, ba goyon bayansa ba. Bayan haka kamfanin ya amince ya bayyana togaciyar gatse a ƙa'idojinsa.

Idan aka cire saƙon mutum, ya fara ɗaukar hoton sanarwar da lambar shari'ar. Kada ya sake wallafa saƙon nan take, domin maimaici yana jawo a takaita shafin ko a rufe shi. Ya nemi a sake dubawa ta hanyar da dandalin ya tanada, idan akwai wurin rubutu ya yi jimla uku: wanda yake suka, abin da ya faru da ya jawo saƙon, da sashen ƙa'idar da ya halasta suka ko gatse. A dandalin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, idan an ƙi a karo na biyu, ana iya kai ƙara ga Hukumar Sa Ido cikin kwana 15, sai dai ƙararraki ƙalilan take ɗauka. Mazauna Tarayyar Turai suna da ƙarin dama: dokarsu ta ayyukan intanet ta wajabta wa dandali ya faɗi dalilin cirewa, ya kuma bar ƙofar ƙorafi a buɗe na aƙalla wata 6. Idan an dawo da saƙon ko za a sake rubuta shi, a ƙara layi ɗaya a samansa mai ambaton wanda ake nufi, a kuma rufe wasu haruffa na kalmar zagin da aka kwaso.